Wane dutse za ka hau a Siwizalan? Ka duba wannan kafin ka yanki tikiti

Da wuya mutum ya je Siwizalan yawon buɗe ido ya dawo bai ware rana guda ta hawa dutse ba. Ba da ƙafa ake hawan ba. Jirgin ƙasa ne mai haƙora a ƙarƙashinsa, yana kama layin dogo yana hawa da kai, ko kuma motar igiya, ɗan ɗakin gilashi da ke rataye a jikin waya mai kauri. Tikitin akwai tsada, duwatsun kuma da yawa, shi ya sa baƙi kan zaɓi mafi tsayi kawai su huta. A ganina tsayi shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Inda ka sauka, yadda gari ya waye da kuma lafiyar jikinka sun fi shi muhimmanci.

Jungfraujoch ne kowa ke fara ambata, kuma ya cancanta. Tasharsa tana kan tsayin mita 3,454, babu tashar jirgin ƙasa da ta kai ta tsayi a duk Turai, kuma tun 1912 take aiki. Daga can kana kallon Aletsch, daskararren kogin ƙanƙara mafi tsawo a duwatsun Alps. Amma ka san abin da kake saya. Daga Kleine Scheidegg, tashar da jirgin hawan ke tashi, yawancin hanyar cikin rami take, wajen kilomita 7 a cikin duwatsun Eiger da Mönch, ba abin kallo sai bango, in ban da 'yan mintocin da jirgi ke tsayawa a tashar Eismeer a leƙa ta tagogin da aka fasa a jikin dutse. Motar igiya ta Eiger Express da aka buɗe a 2020 ta rage tafiyar, minti 15 daga garin Grindelwald zuwa tashar Eigergletscher, inda ake shiga jirgin ƙasan, duk da haka cikakken kuɗin zuwa da dawowa daga garin Interlaken ya haura faran 200 na kuɗin Siwizalan. Sannan iskar can sama ba ta ƙosar da huhu. Hawa 'yan matakala kaɗan sai ka ji kana haki, wasu kan yi ciwon kai ko jiri. Mai ciwon zuciya ko na numfashi, mai juna biyu, da wanda ke tafe da jariri, su tuntuɓi likita tukuna. Wannan ba abin yi wa kunya ba ne.

In don kallo ne zalla, ni Gornergrat zan nuna maka. Jirgin yana tashi daga Zermatt, garin da ba a shiga da mota mai amfani da mai, kuma cikin rabin awa da 'yan mintoci ka kai mita 3,089. Kusan duk hanyar a sarari take. Ka zauna gefen dama in ana hawa: sanannen dutsen Matterhorn zai bayyana ta taga, itatuwa su tare shi, ya sake fitowa ya fi na ɗazu girma, har ku wuce iyakar da itace ke tsiro ya rage daga kai sai shi. Aibinsa nisa ne, domin Zermatt tana can kudu kusa da iyakar Italiya, gara a kwana a can.

Titlis na wanda ya sauka a birnin Luzern ne kuma burinsa ya taka ƙanƙara ko da lokacin zafi. Jirgi zuwa Engelberg, garin da ke gindin dutsen, bai cika awa guda ba, sai motocin igiya, ta ƙarshen tana juyawa a hankali har ta kai ka wajen mita 3,000. Yara na jin daɗinsa, sai dai cunkoso.

Biyun da ake rainawa don ba su da tsayi, su ne na fi ba baƙon farko shawara a kansu. Layin Pilatus, wanda aka buɗe a 1889, babu jirgi mai haƙora a duniya da ya kai shi miƙewa sama, gangarensa har kashi 48 cikin 100. Ana shiga jirgin ruwa daga Luzern zuwa Alpnachstad, a hau da jirgin ƙasa, a sauko Kriens da motar igiya, rana guda ka ɗanɗana duka ukun. Ka lura dai, jirgin ƙasan daga wajen Mayu zuwa Nuwamba yake aiki, da hunturu sai igiya kaɗai. Rigi kuwa shi ne dattijonsu, tun 1871 jirgi ke hawansa daga Vitznau, na farko irinsa a Turai. Bai kai mita 1,800 ba, don haka tsoho da yaro duk suna numfashi lafiya lau, ga tafkuna shimfiɗe a ƙasa ta ko'ina.

Katin da ke hannunka ma yana canza lissafi. Mai Swiss Travel Pass, katin zirga-zirga na baƙi, yana hawa Rigi ba ƙarin ko sisi, yana biyan rabi a Pilatus, Titlis da Gornergrat, amma a sashen sama na Jungfraujoch kashi 25 cikin 100 kawai ake rage masa. Mai katin rabin kuɗi, Half Fare Card, rabi zai biya har can. Ƙa'idojin kan sauya, a duba na shekarar.

Babbar asara ita ce a biya kuɗi a hau cikin gajimare, ka tsaya a ƙololuwa ba ka ganin komai sai fari. Duk duwatsun nan suna da kyamarori da ke nuna samansu kai tsaye a intanet. Ka duba da sassafe kafin ka biya, kada ka ɗaure kanka da tikitin wata rana tun makonni kafin zuwa, in ba wanda ake iya sauya wa rana ba. Da zafi gajimare ya fi taruwa bayan azahar, saboda haka jirgin safe ya fi. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da wajen digiri 6, to ka riƙe rigar sanyi da baƙin tabarau ko da a ƙasa ana gumi. Da ka isa sama kuma, kafin ka ɗauki hoto ko guda, ka tambayi lokacin jirgin ƙarshe na saukowa, domin wasu layukan tun da yamma suke rufewa.