Wata uku ina aiki da ORM ɗin Django, ga abin da na gani

Kawuna dillalin kayan gwari ne a Farin Gada nan Jos, shekara da shekaru a littafi yake rubuta komai, wa ya kawo kwando nawa na tumatir, wa ya ci bashi, wace mota ta yi lodi zuwa kudu. Da ruwan sama ya jiƙa masa littafi guda sai ya ce min, "Ɗana, duba mana ko wayar nan za ta iya riƙe lissafin." Na ɗauko Django, wato kayan aikin gina manhajar yanar gizo da yaren kwamfuta na Python, tunda da Python na fi sabawa. ORM ɗinsa shi ne ɓangaren da ke ba ka damar aiki da teburan databes, wato ma'ajiyar bayanai, da Python.

Wallahi abin da ya burge ni yadda ake ƙulla tebur da tebur ne. Manomi ɗaya yana kawo kaya sau da yawa, ForeignKey kawai na saka, wato abin da ke ƙulla kowane kaya da manominsa, layi ɗaya, na yi makemigrations da migrate, umarnin da ke kai canjin cikin databes, shi kenan. Inda na daɗe shi ne maganar mota, don mota ɗaya tana kwasar kayan manoma goma kuma kayan mutum ɗaya na iya rabuwa mota uku, na saka ManyToManyField, wanda ke ƙulla abu da yawa da abu da yawa, sai na ga babu inda zan rubuta kwando nawa ya shiga wace mota, alhali nan ne rigimar kasuwa take tashi kullum. Ashe through ne maganin, ka gina tebur na tsakiya da hannunka. Na sa masa suna Lodi, yadda ƴan kasuwa ke faɗa, na zuba adadin kwando da kuɗin mota a ciki.

Tun Django 2.0 na 2017 dole ne ka rubuta on_delete a kowane ForeignKey, wato me zai faru da layin in an goge abin da yake ƙulle da shi, kuma na gode Allah da hakan. Da farko CASCADE na zuba ko'ina, ranar gwaji na goge mai saye ɗaya sai bashinsa ya bi shi, gabana ya faɗi. Na mayar PROTECT, yanzu duk wanda ake bi ko naira ɗaya ba ya goguwa.

Shafin bashi ya ɗan yi min jan ƙafa, kowane layi sai ya koma databes ya tambayo suna, select_related ya haɗe su tambaya ɗaya. Amma fa in ba ka san JOIN ba, wato yadda databes ke haɗa tebur biyu a tambaya ɗaya, ba za ka ma gane me ke cin lokacin ba, ni ma sai da na koma na karanta SQL ɗin da Django yake fitarwa, wato yaren da yake yi wa databes tambaya da shi.

Jiya da asuba wani manomi ya yi musu kan kwando bakwai, Kawu ya buɗe Lodi ya nuna masa, huɗu a mota ɗaya, uku a ɗayar.