Shagon Buga Takardun da Ya Rage Mana Nauyin Shirin Sabuwar Shekarar Karatu a Jos

Duk shekara, mu malaman makarantun Kirista na ƙasa da ƙasa muna komawa bakin aiki ne a daidai lokacin da takwarorinmu na makarantun gwamnati suke fara dogon hutu, domin makarantunmu suna bin kalandar Amurka, wadda ke buɗe shekarar karatu a watan Agusta ta rufe a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Jos ta daɗe da sanin wannan tsari. Tun 1942 mishan ɗin 'Yan'uwa, wanda Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta tsiro daga aikinsa, ya kafa makarantar Hillcrest domin 'ya'yan masu aikin bishara, kuma bayan 'yan shekaru wani mishan ɗin mai suna SIM ya buɗe makarantar Kent Academy a garin Miango, kusa da Jos. Ni ina koyar da aji uku na firamare da kuma darasin Hausa a ɗaya daga cikin irin waɗannan makarantu, kuma abin da zan yi sharhi a kansa shi ne shagon buga takardu da sayar da kayan rubutu da muka dogara da shi wajen shirin bana. Shagon yana tsakiyar gari, ba nisa da titin Ahmadu Bello, amma na zaɓi in bar sunansa, tunda tare da yabon akwai kukan da zan yi.

Kwanakin da malamai ke yi a makaranta kafin yara su dawo ba na hutawa ba ne. Da safe muna haɗuwa domin addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki, daga nan a shiga bita a kan kare lafiya da mutuncin yara, a gabatar da sababbin malamai, waɗanda wasunsu ko mako ba su yi da sauka a ƙasar nan ba, sai da rana kowa ya samu damar shiga ajinsa. A cikin 'yan sa'o'in da suka rage ne ake so a yi wa bango ado, a rubuta sunan kowane yaro a teburinsa, a kuma tanadi takardun aiki na makonnin farko. Na'urar fotokwafi ta makaranta ba za ta iya ɗaukar buƙatar malamai duka a mako guda ba, shi ya sa da yawa daga cikinmu muke kai manyan ayyuka waje.

Shagon ɗaki biyu ne. A na gaba akwai kantoci cike da littattafan rubutu, fensira, gam, almakashi da kwali masu launi, a na ciki kuma akwai kwamfuta biyu, babbar na'urar fotokwafi, firinta mai launi da injin lamineshin, wanda ke rufe takarda da leda. Suna da janareta, kuma sau biyu aka ɗauke wuta ina wurin, ba a ɗauki lokaci ba aka tayar da shi. Mai shagon dattijo ne mai fara'a, amma wanda ya sa na riƙa komawa shi ne wani saurayi da ke zaune a gaban kwamfuta, domin a ganina darajar shagon tana hannunsa fiye da abin da ke kan kantoci.

Ga abin da ya faru a ranar farko. Yawancin takardun aikin da ke zuwa tare da manhajarmu an tsara su ne a kan girman takardar Amurka, wadda faɗinta milimita 216 ne, tsawonta 279, alhali takardar da ake sayarwa a Nijeriya A4 ce, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297. Wato ta Amurka ta ɗan fi faɗi, tamu kuma ta fi tsawo. Idan aka bar kwamfuta ta daidaita shafin da kanta, sai ta rage komai zuwa kusan kashi 97 cikin 100 ko ƙasa da haka. A takardar karatu babu wanda zai lura, amma a takardar lissafi da ake cewa yaro ya ɗora rula ya auna layi, layin da ya kamata ya zama santimita 10 sai ya koma wajen 9.7, yaron ya auna daidai amma amsarsa ta saɓa wa wadda ke littafin malami. A wata shekara da ta wuce na sha fama da wannan matsala, har wata yarinya ta yi kuka tana cewa rularta ce ta lalace.

Da na miƙa wa saurayin filashi na ce a buga mini kwafin kowane shafi, bai danna ba sai da ya buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kan darasin awo sai ya juyo ya ce, "Mama, wannan shafin akwai layukan da za a auna da rula, kuma ba a kan A4 aka tsara shi ba. In bar shi da ainihin girmansa ne, ko in rage?" Na ce, "Ɗana, wa ya koya maka wannan?" Ya ce wani malami ne ya taɓa dawo musu da aiki saboda haka, tun daga ranar bai ƙara mantawa ba. Ya buga shafi ɗaya na gwaji, ya ɗauko rular ƙarfe daga aljihun tebur ya ɗora a gabana, layin ya cika santimita 10 cif, sannan ya duba gefen takardar ya tabbatar babu rubutun da ya yanke kafin ya saki sauran. Na yi shekaru ina kai aiki wuraren buga takardu, kuma wannan ne karo na farko da mai aiki ya riga ni ganin matsalar.

Haka ma ya yi da Hausa. Duk mai koyar da harshen nan ya san wahalar haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ. Idan kwamfutar shago ba ta da nau'in rubutun da aka yi aiki da shi a gida, sai ta musanya shi da wani, ƙugiyar ta ɓace, ko kuma wani ɗan akwati ya fito a madadin harafin. Ga wanda ya tashi da Hausa wannan ƙaramin abu ne, zai gane daga ma'anar jimla. Amma ɗalibaina da yawa baƙi ne ga harshen, kuma darasina na farko shi ne bambancin kafa da ƙafa, da na baki da baƙi, don haka ba zan iya manna allon da ya haɗe su wuri ɗaya ba. Na shirya babban allo ɗauke da ayar Karin Magana 22:6, wadda ke magana a kan tarbiyyar yaro, da Turanci a sama da Hausa a ƙasa. A kan allon kwamfutarsu haruffa masu ƙugiya sun fito sirara a tsakiyar rubutu mai kauri, kamar an aro su daga wani wuri. Saurayin, wanda yake jin Hausa sosai kamar yawancin mutanen Jos, shi ya nuna mini, ya sauya nau'in rubutun zuwa wanda ke da cikakkun haruffan, ya kuma shawarce ni da in riƙa mayar da aikina PDF tun daga gida kafin in turo ta WhatsApp, domin rubutun ya iso yadda na tsara shi. Shawarar ta yi amfani, kuma na isar da ita ga sauran malamai.

Aikin lamineshin ɗinsu mai kyau ne. Suna da leda iri biyu, mai kaurin maikiron 80 da mai 125, kuma sun faɗa mini gaskiya cewa siririyar ta isa ga abin da za a manna a bango, mai kaurin kuwa a bar ta ga abin da hannun yara zai riƙa taɓawa kullum. Katunan sunaye na yi da mai kaurin. Ina ba wa katunan nan muhimmanci ƙwarai, saboda a aji ɗaya akan samu ɗan Filato da ɗan Koriya ta Kudu da ɗan Amurka, wasunsu sun sauya ƙasa sau biyu ko uku kafin su cika shekara tara, kuma yaron da ya shigo baƙon aji ya tarar da sunansa a rubuce daidai a kan tebur yakan saki jiki da wuri. An yanka katunan da kyau, an kuma zagaye kusurwoyinsu don kada ledar ta soki yatsa, ba tare da na nema ba.

Wani abin da ya burge ni shi ne yadda suke adana takarda. Agusta tsakiyar damina ce a Jos, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga sanyi da laima, kuma takardar da ta sha laima takan lanƙwashe ta maƙale a cikin na'ura. A nan ba a ajiye rim, wato ƙunshin takarda, a ƙasa, kuma ba a farke shi sai za a yi aiki da shi. Suna amfani da takarda mai nauyin giram 80, don haka an buga mini gaba da baya ba tare da rubutun wani gefe ya leƙo ɗaya gefen ba.

Inda shagon ya gaza shi ne wajen kaya. Mai shagon yana yin babban sari ne domin watan Satumba, lokacin da yawancin makarantu ke buɗewa, saboda haka a farkon Agusta kantocin suna ɗauke da ragowar bara. Kwali mai launi kala uku kawai na samu, kuma a cikin kwalin maka, wato alƙaluman rubutu a farin allo, da na saya, biyu sun bushe tun kafin a buɗe su. An musanya mini su ba gardama, amma sai da na sake fitowa cikin ruwa. Ba su da abin huda takarda mai rami uku, alhali jakunkunan ajiye takardu da ke zuwa daga Amurka masu zobe uku ne, namu na nan kuwa rami biyu yake yi, masu tazarar milimita 80. Shagon da malaman irin waɗannan makarantu suka saba zuwa ya kamata a ce ya tanadi ko da guda ɗaya ne domin aikin kwastomomi.

Babban kukana kuwa a kan alkawari ne. An ce manyan allunan bango masu launi za su fito ranar Alhamis, sai garin tawadar firinta ya ƙare, kuma babu wanda ya kira ya sanar da ni, sai da na je da ƙafata na tarar ba a fara ba. Ranar Asabar da yamma na karɓa, ga Lahadi ranar sujada, ga yara za su shigo Litinin, dole na yi aikin manna su har bayan magariba. Ƙarewar tawada tana iya faruwa ga kowa, amma rashin kiran ne ya yi mini ciwo, tunda lambata tana rubuce a kan takardar aikin.

Farashinsu ya ɗan ɗara na ƙananan rumfunan fotokwafi da ke kewayen kasuwar Taminus, sai dai suna yin ragi idan aikin yana da yawa, kuma suna ba da rasit mai hatimi da ke fayyace kowane kaya da kuɗinsa, wanda ofishin kuɗi na makaranta ke nema kafin ya mayar wa malami abin da ya kashe. Zan ci gaba da kai musu takardun lissafi, na Hausa da duk abin da ke buƙatar ido, amma aikin launi zan miƙa shi tun makon ƙarshe na Yuli. Mai shagon ya ce mini in kawo masa jerin kayan da malamanmu ke nema tun watan Yuni domin ya haɗa da sarinsa, kuma na riga na rataye takardar a ɗakin malamai, inda abin huda takarda mai rami uku ya zama na farko da aka rubuta.