Seiko 5 ɗin marigayi: a yi wa injin sabis ko a mayar da shi na batir?

Ɗan'uwa Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Na ga tambayarka, ka ce agogon Seiko 5 ɗin da ya sayo a Makka shekarar da ya sauke farali ne ya faɗo a kasonka, ya yi shekaru a durowa baya tafiya, mai gyara ɗaya ya ce a cire injin a sa na batir a canza fuska a goge jikin ya dawo sabo fil, ɗayan kuma ya ce a'a wanki kawai yake so. Toh bari in ajiye maka su gefe da gefe.

Na batir ɗin shi ne mai sauƙi, kana tsaye za a gama, kuɗi kaɗan, kuma gaskiya ya fi riƙe lokaci nesa ba kusa ba, a wata guda bai fi ya sha sakan 15 zuwa 20 ba, alhali tsohon injin ko an gyara shi da kyau yana iya gudu ko jinkirin sakan 20 ko 30 a rana ɗaya kuma ba lalacewa ba ce haka halinsa yake. Ai Seiko ɗin ma su suka fara sayar da agogon hannu na batir a 1969, ba wai abin banza ba ne. Amma ina matsalar take? Ƙafafun fuskar agogonka, wato ƴan ƙusoshin bayanta da ke riƙe ta a jikin inji, an yi su ne daidai da ramukan injinsa, sabon injin ba zai dace ba, sai a karya ƙafafun a liƙa da gam, hannayen ma ramin ba ɗaya ba sai a sa wasu, ranakun nan na Larabci da Turanci da ke juyawa a gefe su ma sun tafi. Ka ga me ya rage na Baba kenan? Kwanon kawai. Shi ma in aka sa shi a injin guga sai gefunan su narke su yi sulɓi, ƙarfen da aka cinye kuwa baya dawowa.

Sabis na gaske kuma yana cin lokaci da kuɗi, wani lokacin ma ya fi kuɗin agogon a kasuwa, wannan kar in ɓoye maka. Aikin shi ne a warware injin ɗaya bayan ɗaya a wanke, a duba abin da ya cinye, a ɗiga mai a gurbin ƙananan duwatsun da ke cikin injin, a haɗa a saita gudu, a canza robar marfin baya. Ba irin na tsoma inji gaba ɗaya a murfin kwalba da fetur a hura da baki ba, wallahi an taɓa yi min haka da nawa, ya yi tafiya sati 3 ya sake tsayawa. Abin da zai ba ka ƙwarin gwiwa shi ne tun 1963 ake yin Seiko 5, an yi su birjik, don haka kayan injinansa irin masu lamba 6309 da 7009 ba sa wahalar samu, ko mataccen agogo irinsa ka saya a ciri abin da ake so.

Ni dai na biyun zan zaɓa ba tare da wani dogon tunani ba. Gilashi in ya tsage a canza, roba a canza, amma fuska da hannaye da sarƙa a bar su yadda suke, har ƙujewar nan ta wajen maɗauri inda yake ɓallewa kullum in zai yi alwala. Ka kiyayi fuskokin nan masu sabon fenti mai ƙyalli, da yawa ba na kamfani ba ne, sake fentin su ake yi.

Kafin ka miƙa shi ka juya bayansa ka ɗauki hoto. Akwai lamba mai guda 6, ta farko ƙarshen shekarar da aka ƙera shi ce, ta biyu wata, in ka ga 2N misali to Nuwamba ne na shekarar da ta ƙare da 2, lambar injin tana iya taimaka maka ka gane ko 1982 ce ko 1992, sai ka haɗa da shekarar da Baba ya je hajji ka ga ya yi daidai. Ka ce a buɗe a gabanka ka ɗauki hoton injin, kuma duk abin da aka cire a ƙulla maka a leda ka tafi da shi.

Kuma dan Allah daina girgiza shi kana gwadawa yanzu, man ciki ya bushe, ƙarfe ke cin ƙarfe. Bayan gyara in kana ɗaurawa kullum motsin hannunka ya ishe shi, in ka ajiye zai yi wajen awa 40 ya tsaya, ba lalacewa ya yi ba, ka ɗan kaɗa shi ka saita lokaci. Ruwa dai kar ka yarda da shi ko da an rubuta a baya cewa baya shan ruwa, wancan alkawarin na lokacin da yake sabo ne.