Music Haptics na iPhone: yadda muka gwada shi da ƙanwata

Jama'a duk mai kurma a gida kuma akwai iPhone a kusa don Allah ya gwada wannan abin. Music Haptics sunansa, ya fito da iOS 18 a 2024, daga iPhone 12 zuwa sama yake aiki, ka shiga Settings ka gangara Accessibility za ka ganshi. Kana kunnawa wayar zata riƙa motsi a tafin hannunka daidai da kiɗan, kuma ba irin girgizar kira bace mai zuwa bai ɗaya, a'a, bugun ganga na zuwa da ƙarfi tsak tsak, kiɗa mai sanyi kuma sai kaji yana ja a hankali.

Ƙanwata sanƙarau ne ya tafi da jinta tun tana firamare, a gidan biki kullum tana maƙale kusa da sifika ko masu kalangu saboda a ƙirji take jin dukan, mutane suyi ta mata kallon me kurma take nema wajen kiɗa, abin na min ciwo wallahi. Dana miƙa mata wayar ta riƙe da hannu biyu, can ta manna ta a ƙashin wuyanta tace da maganar hannu nan yafi fitowa, sai ga ƙafarta tana bin kiɗan bata kuskure ba. Abinda yafi burgeta shine baitocin na tafiya a fuskar wayar lokaci ɗaya da bugun, tana karantawa tana ji a jiki, har ta gane inda amshi yake dawowa.

Dama jin kiɗa a jiki ba sabon abu bane, Evelyn Glennie 'yar Scotland ta kurumce tana shekara 12 amma makaɗiya ce ta duniya, ba takalmi take hawa dandali don taji kiɗa ta ƙafa.

Sai dai a sani Music Haptics yana buƙatar data da rajistar Apple Music (manhajar sauraron waƙoƙi ta Apple) ta wata wata, kuma iPhone ba kowane gida keda halinta ba. Roƙona ga mawaƙanmu na Hausa, in zaku saki waƙa ku ɗora rubutattun baitoci, a bidiyo kuma ku sa mai fassara da hannu a gefe, kurame suna cikin masu bibiyarku.