.NET 8 ya shigo bai kori 6 ba, abin da na gani a kwamfutocin ofishinmu

Ni nake kula da kwamfutocin wani ɗan ofis, guda tara ne kacal duk Windows, kuma gaskiya ba abin da ke tada min hankali irin in ga an ce a sabunta wani abu da manhajar lissafin kuɗinmu ke hawa kansa. Shi ya sa na ce bari in faɗi ra'ayina kan .NET na zamani, wato ginshiƙin Microsoft da manhajoji irin tamu ke hawa kansa kafin su yi aiki, musamman yadda ake girka shi, don nan ne ya sha bamban da tsohon.

Wanda ya saba da tsohon, wato .NET Framework, ya san halinsa. Tun da 4.5 ya fito a 2012, duk wani sabon 4 da ka saka kan tsohon yake hawa ya danne shi, ba yadda za a yi 4.6 da 4.8 su zauna a kwamfuta ɗaya. Gida ɗaya ne, sabo ya shigo tsoho ya fita, duk manhajojin da ke ciki kuma dole su koma bin sabon ko sun shirya ko ba su shirya ba. Shi 3.5 dai ɗakinsa daban ne. Wannan zaman gida ɗayan yana da amfaninsa fa, ba zan ɓoye ba, in aka toshe wata kafar tsaro sau ɗaya kowa ya samu. Amma in wata tsohuwar manhaja ta ƙi jituwa da sabon to ka shiga uku, ballantana 4.8 da yake zuwa a cikin Windows 10 tun 2019, ba cire shi za ka yi ka koma baya ba.

Sabon kuwa, wato daga .NET Core na 2016 har zuwa 6 da 8, gefe da gefe suke zama. Ranar da na saka 8 sai da na buɗe foldar dotnet da ke Program Files don in gani da idona, na shiga shared, na ƙara shiga Microsoft.NETCore.App, sai ga foldar 6.0 ga ta 8.0 kusa da juna, ba wanda ya taɓa wani. Na buga umarnin dotnet --list-runtimes ya jero min su duka. Manhajar lissafinmu da aka gina kan 6 ta ci gaba da aikinta kamar ba a yi komai ba, sabuwar da ke neman 8 ita ma ta tashi. Wallahi ranar na yi barci da daɗi. Kuma abin da ya ƙara burge ni, ƙananan gyare-gyare ba sai ka yi wahala ba, manhajar 8 da kanta take ɗaukar 8.0 mafi sabo da ta tarar, amma ba ta tsallakawa daga babbar lamba zuwa wata sai an ba ta izini.

To amma akwai inda yake cizo. Wani abokin aikina ya leƙa jerin manhajoji ya ga 6 ga 8, ya ɗauka maimaici ne yana cin wuri, ya goge 6. Washegari da safe mai lissafi ta kira ni, Malam manhajar nan ta ƙi buɗewa, wai sai an saka .NET. Ga 8 zaune a kwamfutar amma ko kallonsa ba ta yi, don ba shi ta sani ba. Sai da na sake sauke 6 da datar wayata, kuma a nan ma sai ka natsu, akwai Desktop Runtime akwai na ASP.NET Core akwai zallan, ga x64 ga x86, mutumin da ba sana'arsa ba ce zai iya sauke uku bai dace da na daidai ba. Wannan ruɗanin sunayen ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Microsoft ta daina tallafa wa .NET 6 tun Nuwamba 2024, ma'ana ba sauran gyaran tsaro, amma yana nan zaune a foldarsa shiru yana aiki, ba abin da zai tashe ka ya ce wannan fa an daina kula da shi. Saka 8 bai kare manhajar da ke kan 6 da komai ba. Sai masu manhajar sun sake gina ta, mu kuma namu na ta ce mana muna kai, muna kai, har yau shiru. Shi kansa 8 ɗin Nuwamba 2026 wa'adinsa ke cika.

Duk da haka in ka ce in zaɓa, gefe da gefen nan zan ɗauka, huɗu cikin biyar nake ba shi. Yanzu dai na manna takarda a jikin kowace kwamfuta, na rubuta wace manhaja ke kan wace lamba, kuma kada wanda ya goge komai mai suna .NET sai ya kira ni.