Haƙori ɗaya a taimin: saƙo daga Jamus

Assalamu alaikum mutanen gida. Ina gaida na Birnin Kebbi da Jega da Argungu, musamman masu sifana a hannu, don yau da ku nake.

Motar da nake zuwa aiki da ita a nan Hambug Golf 3 ce, 'yar 1995, irin wadda ake danna wa mutum huɗu a baya, biyu a gaba, a cika but da albasar Aliero. Kada ku yi dariya, ita aljihuna ya iya. A 1991 Volkswagen ta fara fitar da ita, kuma a nan ƙasar haihuwarta ta fara wuyar gani, tun da da yawa sun tsallaka teku suna wajenku.

Taimin belt ɗinta, wato belt mai haƙora da ke sa bawul ɗin injin su buɗe su rufe a kan lokaci, ya soma tsattsagewa, na nemi gareji, daga nan haushi ya fara. Nan ba a faɗawa gareji da sallama a ce "Oga, ɗan duba mini". Sai ka yi waya an ba ka rana, ranar ma ba kusa ba. Kafin a kwance noti ɗaya an rubuta maka kuɗi a takarda, kuma da awa ake lissafin aikin hannu. Belt da tenshina mai ɗame shi ba su ci mini rai ba, kuɗin hannun ne ya sa na yi salati. Ba ragi, ba "kawo abin da ya sawwaƙa", ba benci a gindin dogonyaro, ba mai shayi.

Mai garejin dattijo ne, ba ya fara'a. A ƙa'ida mai mota ba ya shiga inda ake aiki, amma da na gaya masa darajar motar nan a tashoshinmu sai ya bar ni na tsaya daga gefe. Cikin hira na ce a wajenmu, kafin a cire belt, akan karta alama da ƙusa ko a ɗiga fenti a kan fuli. Ya dube ni ta saman tabarau har sai da na ji kunya a madadin kanikawan jihar Kebbi kaf. Amsarsa ita ce masu ƙera injin sun riga sun sa tasu alamar, kuma wanda ya bi fenti, in na gabansa ya kuskure, kuskuren ya kwafa.

Sai ya nuna mini. Ya cire fulogi, ya sa sifana a kan kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, ya juya injin da hannu a hankali har fistin na ɗaya ya hau can ƙololuwa. A saman giyabos akwai wani rami mai murfin roba. Ya buɗe, ya goge, ga alama a jikin filawil, faifan ƙarfen da ke ƙarshen kiranshaf, ta tsaya daidai bakin tsini. Ta biyu tana kan fulin kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ita ma da abokiyar saitinta a jikin injin. Ta uku sai an ɗaga murfin distiributa mai rarraba wa fulogi wuta: kan rota ya kalli wata 'yar tsaga da ke gefen. Duka ukun sai sun haɗu lokaci guda. In ta filawil ta zauna amma ta kamshaf tana can ɗaya gefen, sai a ƙara zagaye ɗaya, domin kiranshaf sau biyu yake juyawa kafin kamshaf ya juya sau ɗaya.

Abin da ya tsaya mini a rai ya zo ne bayan ya ɗaura sabon belt ya ɗame shi. Bai taɓa makulli ba. Ya sake ɗaukar sifana ya juya injin zagaye biyu cif da hannu, ya koma ya duba alamomin nan ɗaya bayan ɗaya. A gida fa? Da belt ya hau sai ka ji "Yaro, ba ta wuta!" In an yi sa'a ta tashi. A injin da fistin da bawul ke iya haɗuwa, musamman na dizal, wannan wutar ita ce ke lanƙwasa bawul, a wayi gari ana sauke kan injin, a ce wa mai mota ƙaddara ce.

Haƙori ɗaya kacal in belt ya tsallake, mota za ta iya tashi, kuma nan cutar take. Ba ta da ƙarfi, tana shan mai, silo ba ya zama. Mu kuma maganinmu guda ne: a sassauta distiributa, a kasa kunne, a murɗa hagu a murɗa dama har ƙara ta yi daɗi. To wutar fulogi aka gyara wa lokaci, bawul suna nan suna buɗewa a kuskure. Direba ya ɗauki hanyar Koko zuwa Yauri cikin zafin Afrilu, mota ta yi ta ɗaukar zafi, ya ɗora wa lagireto laifi, ko mai gidan mai. Dattijon nan kuwa fitilar taimin ya maƙala a wayar fulogi na ɗaya, tana walƙiya a cikin ramin nan, yana ganin alamar tsaye da idonsa alhali injin na gudu.

Ban ce sun fi mu hannu ba. Wallahi da motar nan za ta mutu mini da dare, ba Bajamushen da zai kwanta ƙarƙashinta da tocilan waya a baki. Motar janye mota zai turo, da wata takardar kuɗin. Ranar Lahadi ma ko garejin ba ka samu a buɗe. A irin wannan lokaci nakan yi kewar Oganmu na gida, wanda zai baro tuwonsa ya hau mashin ya same ka a daji, kuɗi kuma sai ka samu. Sai dai yaron gareji a nan shekara uku da rabi yake koyo, yana haɗawa da aji. Namu yakan shekara da shekaru yana wanke noti da fetur, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa ramin kan giyabos, wanda murfinsa ya daɗe da ɓata, ƙura da baƙin mai sun rufe alamar.

Da ya gama, ya manna 'yar takarda a cikin bonet mai ɗauke da kwanan wata da kilomitar da mota ta ci, don a san lokacin canji na gaba. Wannan kam ban ga yadda za mu kwaikwaya ba, tun da yawancin Golf ɗin tashoshinmu mitarsu ta daɗe da tsayawa. Belt sai ranar da ya tsinke ake canza shi, galibi tsakanin Bunza da Kamba, da fasinja cike da mota.