Yaya, ga bayanin fad ɗin birkin da ka tambaya

Assalamu alaikum Yaya. A gaida Inna da mutanen gida. Ka ce birkin Corolla ya fara ƙugi a hanyar Ringim zuwa Kano, a aiko maka da mai tsada daga Ingila.

A nan ba a ɗaukar tsohon fad, wato abin da ke matse faifan ƙarfen da ke cikin taya in an taka birki, a je shago a gwada da ido kamar a Ƙofar Ruwa. Lambar mota ake faɗa, kwamfuta ta fito da wanda ya dace. Abin dubawa a kwali shi ne alamar R90, shaidar cewa kamunsa bai kauce wa na kamfani da fiye da kashi 15 cikin ɗari ba. In da ita, ko Bosch ne ko Ferodo ko TRW, duk ɗaya ne a wurina. Turo lambar shasi kawai.

Na motar tsere kam ka manta da shi: sai ya ɗau zafi yake kamawa sosai, ga ƙara, ga cin faifai. Fad na siramik ba ya baƙanta rim, amma motar da ke shan lodin buhuna ranar kasuwa ta fi son mai haɗin ƙarfe, don ya fi jure zafi.

Inda mutanen Ingila suka fi mu shi ne awo. Sabon fad yana da kaurin milimita 10 zuwa 12, a milimita 3 ake canzawa, kuma in ya gaza 1.5 mota ta faɗi gwajin shekara da suke kira MOT. Faifan ma an buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa. In ya cinye ya gaza haka ko ya yi zane mai zurfi, sabon fad ba zai zauna daidai ba. Hagu da dama tare ake canzawa.

Su gishirin da ake watsa wa titi da sanyi ke sa musu tsatsa, mu ƙura ce. Tana shiga ƙusoshi biyun da kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad yana matsa shi jikin faifai, ke zamewa a kai, su maƙale, sai fad ɗaya ya cinye ɗayan na nan. Bakanike ya zare su ya goge, ya shafa giris na silikon. Giris na gama-gari kumbura robar yake.

Man birki yana shan ruwa, a juye shi duk shekara biyu, DOT 3 ko DOT 4, yadda aka rubuta a murfi. Bayan an ɗaura sabon fad, ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa. Sannan, don fad ya zauna daidai a kan faifai, ka sami titi fili, daga gudun kilomita 60 ka rage zuwa 10 kamar sau takwas, ba tare da ka tsaya cak ba.